Tambayoyi da amsoshi kan saita STP a suwic mai saiti

A cikin shekarun da na yi ina aikin shabaka a masaukan alhazai da ƙananan ofisoshi tsakanin Makka da Jidda, na lura cewa tambayoyin da 'yan'uwanmu Hausawa masu koyon wannan sana'a suke kawowa game da STP (Spanning Tree Protocol, tsarin da ke hana saƙo yin zagaye ba tsayawa a shabaka) kusan iri ɗaya ne, kuma galibi sukan zo ne bayan ɓarna ta riga ta auku. Shi ya sa na tattara su tare da amsoshinsu. Na riƙe kalmomin da muke amfani da su a bakin aiki: shabaka ita ce haɗin kwamfutoci da sauran na'urori, suwic shi ne akwatin da ake jona na'urorin a jikinsa ya riƙa isar da saƙo tsakaninsu, ƙofa ita ce ramin da ake cusa kebul a jikin suwic, suwic mai saiti kuwa shi ne wanda ake iya shiga cikinsa a ba shi umarni. Wajen lissafin lokaci na ce sakan, ban ce daƙiƙa ba, domin wanda kunnensa ya saba da Larabci idan ya ji daƙiƙa minti zai fahimta, alhali a wannan aiki tsakanin sakan talatin da minti talatin akwai tazara mai nisa.

Mene ne STP, kuma wace matsala yake magancewa?

Duk wanda ya san ciwon shabaka yana son ya bar hanya ta biyu tsakanin na'urorinsa, ta yadda idan kebul ɗaya ya yanke ɗayan zai ɗauki aiki. To amma da zarar an sami hanya biyu tsakanin suwic biyu, an sami zobe, wato hanyar da saƙo zai bi ya dawo inda ya fito. Saƙon Ethernet, wato irin saƙon da suwic yake wucewa da shi, ba shi da ma'aunin wa'adi da ke raguwa a kowane zango irin wanda fakitin IP yake da shi, saboda haka idan ya faɗa zobe babu abin da zai kashe shi. Ga kuma ɗabi'ar suwic, wanda idan ya karɓi shela, wato saƙon da aka aika wa kowa da kowa kamar na ARP mai neman adireshin wata na'ura ko na DHCP mai neman a ba kwamfuta adireshi, yakan fitar da ita ta dukkan ƙofofinsa ban da wadda ta shigo ta cikinta. Sai shelar ta yi ta zagaye ba tsayawa, kowace sabuwa ta taru a kan ta baya, har kebul ɗin ya cika maƙil, suwic ɗin kansa ya kasa numfashi. Wannan ita ce guguwar shela.

Radia Perlman ce ta ƙirƙiro maganin, wato STP, a shekarar 1985 lokacin tana aiki a kamfanin DEC na Amurka, daga baya hukumar IEEE ta mai da shi ƙa'ida mai lamba 802.1D a 1990. Hikimarsa tana cikin sunansa, Spanning Tree, wato bishiya mai game ko'ina: bishiya tana da tushe ɗaya, rassanta suna kaiwa ko'ina, amma babu reshen da yake komawa ya haɗe da ɗan'uwansa. Na'urorin suwic sukan aika wa juna ɗan gajeren saƙo mai suna BPDU duk bayan sakan 2, da shi suke zaɓen tushe, kowannensu ya gano hanya mafi sauƙi zuwa tushen, sannan a toshe duk ƙofar da barinta a buɗe zai rufe zobe. Ƙofar da aka toshe tana nan tana sauraren BPDU, ranar da babbar hanya ta yanke ita za a buɗe.

Ta yaya zan gane cewa zobe ne ya kama shabaka, ba layin intanet ne ya ɗauke ba?

Ka dubi fitilun suwic. A ranar lafiya kowace fitila tana ƙiftawa da nata saurin, amma a lokacin guguwa za ka ga duk suna walƙiya tare kamar an haɗa baki. Idan intanet ne kawai ya ɗauke, kwamfutar liyafa za ta ci gaba da ganin firinta da na'urar ajiyar hoton kyamarori, domin duk a cikin gida suke. A zobe kuwa har na cikin gida ba sa ganin juna, kuma shiga suwic ɗin ta shabaka yakan gagara, sai dai da kebul ɗin konsol, wanda ake jona kwamfuta da shi kai tsaye a jikin suwic. Idan ka samu ka shiga, za ka tarar da rahoto yana cewa adireshin MAC guda ɗaya, wato adireshin da kowace na'ura take zuwa da shi daga kamfani, yana tsalle tsakanin ƙofa biyu, domin suwic ɗin yana jin muryar na'ura ɗaya ta ɓangarori biyu.

Na ga wannan da idona a wani masauki a unguwar Aziziyya ta Makka ana cikin hidimar aikin Hajji. Wani ma'aikaci mai kyakkyawar niyya ya ga kebul yana reto a bayan teburin liyafa, ya ga rami a bango babu komai a ciki, sai ya cusa shi. Ashe ɗaya bakin kebul ɗin yana cikin ramin da ke kusa. Kafin a kira ni, na'urar rubuta katin ɗakuna ta tsaya, ga alhazai tsofaffi da kayansu sun cika harabar a gajiye. Wanda ya kafa shabakar ya kashe STP tun farko domin, a cewarsa, yana jawo jinkiri. Ruwa ba ya tsami banza, kuma har yau idan na tuna fuskokin waɗannan bayin Allah sai in ji nauyin wannan sana'a a wuyana.

Malam, suwic ɗina da STP a kunne ya zo daga kamfani. Me zai sa in taɓa shi?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, domin a nan yawancin shabakokin da na gada suke da rauni. Gaskiya ne STP zai hana zobe ko ba ka taɓa komai ba, amma wanda zai zama tushe sa'a ce za ta zaɓe shi. Kowane suwic yana da lambar shaida mai kashi biyu: lambar fifiko a gaba, adireshin MAC a baya, kuma wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta shi ne yake cin zaɓe. Kamfanoni sukan bar lambar fifiko a kan 32768, saboda haka idan babu wanda ya sauya ta, duk sun yi kunnen doki, sai a koma ga adireshin MAC. Sau da yawa tsohon suwic ne yake da adireshi mafi ƙanƙanta. Ka ga ke nan wani tsohon abu mai gudun megabit 100, wanda aka jefa ƙarƙashin tebur a ofishin hawa na uku, yana iya zama sarkin shabakar gaba ɗaya, babban suwic ɗin da aka saya da tsada yana yi masa biyayya.

Illar wannan iri biyu ce. Ta farko, hanyoyin da za a bari a buɗe su ne masu kaiwa ga wannan tsoho, don haka ana iya toshe kebul ɗin fayiba mai faɗi, wanda ke aika saƙo da haske, a tura hoton kyamarori ta siririyar hanya, mutane su yi ta kukan shabaka tana jan ƙafa ba tare da an san dalili ba. Ta biyu ta fi muni: duk ranar da wani ya zare wutar wannan tsohon suwic domin ya yi cajin waya, sai an sake zaɓe, shabaka ta girgiza, idan ya mayar da wutar a sake wani zaɓen. Haka kuma duk wanda ya shigo da wani suwic daga waje ya jona, yana iya ƙwace sarautar nan take. Ni a wurina shabakar da mai ita bai san wane ne tushenta ba, ba a gama kafa ta ba tukuna, ko da shekara biyar ta yi tana aiki.

To wanne zan naɗa tushe, kuma da wane umarni?

Ka naɗa babban suwic na tsakiya, wanda rauta (na'urar fita zuwa intanet) da saba (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) suke jone a jikinsa, wanda yake cikin ɗaki mai makulli da sanyi da batirin ajiyar wuta. Na biye da shi ka ba shi matsayin magaji, domin idan tushe ya faɗi a san wanda zai hau. Lambar fifiko tana tafiya ne da tsallen 4096, daga 0 har zuwa 61440, ba ta karɓar abin da ke tsakani. Al'adata ita ce in ba tushe 4096, magaji 8192, in bar sauran a 32768, in ajiye 0 domin ranar da za a buƙaci sabon tushe cikin gaggawa.

A suwic na kamfanin Cisco umarnin shi ne `spanning-tree vlan 1-100 priority 4096`, a sauya jerin VLAN, wato ƙananan shabakokin da ake raba shabaka ɗaya zuwa gare su ta saiti, gwargwadon waɗanda ake da su. Akwai kuma gajeriyar hanya, `spanning-tree vlan 10 root primary`, amma a san cewa wannan sau ɗaya yake duba shabaka a lokacin da aka buga shi, ya sa 24576 ko abin da ya yi ƙasa da na tushen yanzu, daga nan ba ya sake dubawa. Shi ya sa na fi son rubuta lambar da hannuna. A Huawei `stp root primary` yakan mai da fifiko 0, `stp root secondary` kuma 4096. A MikroTik ana rubuta lambar da lissafin heksa, inda 0x8000 yake daidai da 32768, 0x1000 kuma 4096. Ƙananan na'urori masu shafin saiti a burauza suna da gurbin lambar a sashen STP, zaɓa kawai ake yi.

Bayan haka ka tabbatar da `show spanning-tree` a Cisco ko `display stp` a Huawei. Kada ka firgita idan Cisco ya nuna 4106 a VLAN 10, domin yakan tara lambar VLAN a kan lambar fifiko, kamar yadda 32768 yake bayyana 32769 a VLAN 1.

Na ga STP da RSTP da MSTP a jerin zaɓi. Wanne ya dace?

Tsohon STP yana da jinkiri. Ƙofa takan yi sakan 15 tana saurare, ta ƙara sakan 15 tana koyon adireshi kafin ta fara wucewa da saƙo, idan kuma matsalar daga nesa ta faru sai an ƙara jiran sakan 20 kafin a yarda cewa tsohon labari ya mutu. Jimla tsakanin sakan 30 zuwa 50 ke nan shabaka tana tsaye, wanda ya isa ya katse kiran waya ya kuma ɓata cinikin da ake yi da na'urar kati. RSTP, wato STP mai sauri, mai lamba 802.1w na shekarar 2001, ya kawar da wannan jira ta hanyar sa maƙwabta biyu su yi yarjejeniya kai tsaye, ya kuma tanadi ƙofar madadi tun kafin a buƙace ta, don haka sauyin yakan kammala cikin sakan ɗaya ko 'yan kaɗan. Idan maƙwabci ya yi shiru sau uku a jere, wato sakan 6, an ɗauka ya tafi.

Ga masauki ko ofis mai suwic goma ko ashirin, RSTP ya wadatar, shi nake ba da shawara. A Cisco sunansa `spanning-tree mode rapid-pvst`, wanda yake gina bishiya dabam ga kowane VLAN, a Huawei kuma `stp mode rstp`. MSTP, wato STP mai bishiyoyi da yawa, mai lamba 802.1s na 2002, yana da amfani inda VLAN suka yi yawa, domin yana tara su rukuni-rukuni, kowane rukuni da bishiyarsa, a maimakon suwic ya riƙa lissafin bishiya ɗari. Yana kuma ba da damar a raba kaya, rukuni ɗaya ya bi ta kebul na dama, ɗaya ya bi ta hagu. Sharaɗinsa mai tsauri ne: sunan yanki da lambar bita da rabon VLAN cikin rukunoni dole su zama iri ɗaya a kowane suwic, harafi da harafi. Babban baƙi a wurin ƙarami a sunan yanki ya isa ya raba shabaka yanki biyu. A Huawei kuma sai an buga `active region-configuration` kafin saitin yankin ya fara aiki, abin da masu koyo suke yawan mantawa.

Yaya ake yanke hukuncin ƙofar da za a toshe?

Kowace hanya tana da tsada gwargwadon gudunta, mai sauri ita ce mai araha. A tsohon ma'auni megabit 100 tsadarsa 19, gigabit ɗaya 4, gigabit goma 2. A dogon ma'auni kuwa 200,000 ne da 20,000 da 2,000. Kowane suwic yakan tara tsadar zangon da ke tsakaninsa da tushe, ƙofar da jimlarta ta fi ƙanƙanta ita ce ƙofar tushensa. Idan an yi kunnen doki sai a dubi lambar shaidar maƙwabcin da ya aiko da BPDU, idan nan ma ɗaya ne a dubi lambar ƙofar da ya aiko ta cikinta, wadda fifikonta na asali 128 ne.

Ɗauki misalin gini mai suwic uku: babba a ƙasa, ɗaya a hawa na biyar, ɗaya a hawa na goma, kowanne daga na saman yana da fayiba ta gigabit zuwa ƙasa, akwai kuma kebul na uku da ya haɗa su biyun. Babban ne tushe, ƙofofinsa duka a buɗe. Na saman kowanne zai ɗauki fayibarsa ta kai tsaye, domin zango ɗaya ya fi zango biyu araha. Saura kebul na tsakaninsu: wanda lambar shaidarsa ta fi ƙanƙanta zai bar nasa bakin a buɗe, ɗayan ya toshe nasa. Idan fayibar hawa na goma ta yanke, saƙonsa zai sauko ta hawa na biyar. Wanda ya zana wannan a takarda kafin ya taɓa na'ura, ya rubuta inda yake tsammanin toshewar za ta kasance, sannan ya je ya tarar haka ne, to ya fahimci shabakarsa.

Me ya sa kwamfuta take daɗewa ba ta sami adireshi ba bayan an kunna ta?

Domin suwic yana ɗaukar ƙofarta kamar wadda wani suwic zai iya kasancewa a bayanta, sai ya sa ta jiran nan na sakan 30, kwamfutar kuwa ta riga ta nemi adireshi daga DHCP ta gaji. Wannan ne jinkirin da yake sa wasu su kashe STP ɗungurungum, alhali gyaransa layi ɗaya ne. A shaida wa suwic cewa wannan ƙofar gefe ce, abin da ke bayanta kwamfuta ce ko firinta ko kyamara, sai ya buɗe ta nan take. A Cisco ana shiga ƙofar a buga `spanning-tree portfast`, a Huawei `stp edged-port enable`. Ko a RSTP wannan saiti yana da muhimmanci, saboda dalilin da zai zo a tambayar sauyin fasali. Ƙofar da ke zuwa wani suwic kuwa ba a mai da ita ta gefe.

Idan na buɗe ƙofofin gefe haka, me zai hana irin abin da ya faru a Aziziyya?

Mai gadin BPDU ne zai hana, kuma ban yarda a saita ƙofar gefe a bar mai gadin ba. Ƙofar gefe ba ta da dalilin jin BPDU, tunda kwamfuta ba ta aika shi. Idan ta ji, to ko dai an jona suwic ba da izini ba, ko kebul ya zagayo ya dawo. Mai gadin yakan rufe ƙofar gaba ɗaya a take, ɗaki ɗaya ya rasa shabaka, sauran ginin ya tsira. A Cisco `spanning-tree bpduguard enable` ne a kan ƙofa, ko `spanning-tree portfast bpduguard default` domin ya game dukkan ƙofofin gefe. A Huawei `stp bpdu-protection` ake bugawa sau ɗaya. Ƙofar da aka rufe tana jiran ka cire abin da ya jawo, ka kashe ta ka kunna. Cisco yana da `errdisable recovery cause bpduguard`, wanda yake sake gwada ta da kansa bayan sakan 300, abin da yake da amfani ga wanda yake Jidda alhali ginin yana Makka.

Wayoyin tebur masu aiki da shabaka suna da rami biyu a baya, ɗaya na bango ɗaya na kwamfuta, kuma na sha ganin an cusa duka biyun a bango. Irin wannan kuskure ba ya ƙarewa a gidan da ma'aikata suke sauyawa kowace kaka, don haka na'ura ce ya kamata ta tsare, gargaɗin baki ba ya isa.

Akwai kuma mai gadin tushe, `spanning-tree guard root` a Cisco, `stp root-protection` a Huawei. Ana sa shi a ƙofofin babban suwic masu gangarawa zuwa ƙanana, ko masu zuwa shabakar wani ɗan haya, kamar shagon da ke ƙasan masauki. Idan wani daga can ya yi iƙirarin ya fi cancanta da zama tushe, sai a dakatar da ƙofar har ya daina, sannan ta buɗe da kanta. Abin da nake gargaɗi a kansa shi ne matatar BPDU, wato `bpdufilter`. Sunanta ya yi kama da na mai gadi, amma idan aka sa ta a kan ƙofa tana hana aikawa da karɓar BPDU ne, wanda daidai yake da kashe STP a wannan ƙofar.

Shabakarmu gauraye ce, akwai Cisco akwai Huawei akwai wasu. Za su fahimci juna?

Za su fahimta idan an kula da abu biyu. Na farko shi ne ma'aunin tsada. Yawancin tsofaffin Cisco suna kan gajeren ma'auni, Huawei kuma yana zuwa da dogo, don haka gigabit ɗaya wani yana kiransa 4 wani yana kiransa 20,000, lissafin hanya ya karkace. A daidaita su da `spanning-tree pathcost method long` a Cisco. Na biyu shi ne bishiyar kowane VLAN, wadda salon Cisco ne na kansa, yana aika BPDU ɗinta zuwa wani adireshi dabam da 01:80:C2:00:00:00 da ƙa'ida ta tanada. Sauran kamfanoni bishiya ɗaya suke gani, wadda take haɗuwa da ta VLAN 1 a ɓangaren Cisco, shi ya sa cire VLAN 1 daga kebul ɗin da ya haɗa su yake iya haifar da rikici mai wuyar ganewa. Inda gaurayen ya yi yawa, mafi tsabta shi ne a mai da kowa MSTP da yanki ɗaya. A tuna kuma cewa suwic mai RSTP idan ya ji maƙwabcinsa yana magana da tsohon STP, yakan koma tsohon salo a wannan ƙofar, jinkirin sakan 30 ya dawo ta nan.

Na ja kebul biyu tsakanin suwic biyu domin ƙarin gudu, amma ɗaya ba ya aiki. Ya lalace ne?

Lafiyarsa ƙalau, STP ne ya toshe shi domin kebul biyu zobe ne. Idan kana son su yi aiki tare sai ka ɗaure su da LACP, ƙa'idar da ke mai da kebul da yawa hanya ɗaya, a ɓangarorin biyu, daga nan STP zai gan su a matsayin ƙofa ɗaya. Ka gama saitin a duka na'urorin kafin ka cusa kebul na biyu.

Zan iya rage lokutan jira domin a sami sauri?

Ban ba da wannan shawara ba. An auna sakan 2 da 15 da 20 ne bisa shabakar da faɗinta bai wuce suwic bakwai a jere ba, kuma rage su yana iya sa a buɗe ƙofa kafin labari ya kai ƙarshen shabaka. Mai neman sauri ya koma RSTP. Abin da ya fi cancantar gyara shi ne dogon jerin nan da ake yi a gine-gine masu tsawo, hawa yana jone da hawa har goma sha biyar. Gara kowane hawa ko kowane rukunin hawa ya sami fayibarsa zuwa tsakiya.

Ƙananan na'urorin suwic marasa saiti fa, waɗanda ake sayowa a jona a ofis?

Su ba sa yin STP. Wasunsu sukan wuce da BPDU kamar kowane saƙo, idan zobe ya faru a jikinsu BPDU zai dawo wa babban suwic, mai gadi ya rufe ƙofar. Wasu kuwa haɗiye shi suke yi, guguwa ta taso ta shigo ba tare da STP ya ga komai ba. Saboda irin waɗannan ake ƙara iyakance shela da `storm-control broadcast level` a Cisco, ko gano zobe da `loopback-detect enable` a Huawei. Inda hali ya yi, a ja ƙarin kebul daga suwic mai saiti a ɗauke ƙaramin.

STP yana kunne, komai daidai, amma zobe ya faru a kan fayiba. Ta yaya?

Fayiba zare biyu ce a mafi yawan haɗi, ɗaya na aikawa ɗaya na karɓa. Idan ɗaya ya samu matsala, ko ƙura ta shiga bakinsa, ko na'urar hasken ta raunana saboda zafin akwatin da babu iska, abin da duk mai aiki a Makka da rani ya sani, hanya tana iya zama mai tafiya ɓangare ɗaya. Ƙofar da aka toshe sai ta daina jin BPDU, ta ɗauka maƙwabcin ya tafi, ta buɗe kanta, alhali ɗaya zaren yana aiki. Mai gadin zobe, `spanning-tree guard loop` a Cisco ko `stp loop-protection` a Huawei, yakan hana ta buɗewa idan shiru kawai ta ji. Wurinsa shi ne ƙofofin tushe da na madadi a tsakanin na'urorin suwic, kuma ba a haɗa shi da mai gadin tushe a ƙofa ɗaya. Cisco yana da UDLD wanda yake gano irin wannan hanya ya rufe ta.

Shabaka tana ɗan tsayawa na 'yan sakan sau da yawa a rana. Yana da alaƙa da STP?

Sau da yawa yana da ita. Duk lokacin da ƙofar da ba ta gefe ba ta buɗe, ana shelanta sauyin fasali, wato labarin cewa tsarin hanyoyi ya sauya, na'urorin suwic su zubar da adireshin MAC da suka koya. A tsohon STP wa'adin mantuwa yakan sauko daga sakan 300 zuwa 15, a RSTP kuwa nan take ake sharewa. Kafin a sake koyo, saƙon da ya kamata ya bi ƙofa ɗaya yakan fantsama ko'ina, kuma a ginin da kyamarori suka yi yawa wannan kaya ne mai nauyi. Idan ba a saita ƙofofin gefe ba, kowace kwamfuta da aka kunna da safe tana jawo wannan. Umarnin `show spanning-tree detail` a Cisco, ko `display stp topology-change` a Huawei, zai nuna adadin sauyin da ƙofar da na ƙarshe ya shigo ta cikinta. Sai ka bi wannan ƙofa zuwa suwic na gaba, ka sake dubawa, har ka isa ga mai laifin, wanda galibi kebul ne mai sako-sako ko na'urar da wutarta take ɗaukewa tana dawowa.

Yaushe ya dace in yi wannan aiki, kuma yaya zan gwada shi?

Sauya tushe ko sauya salo daga STP zuwa RSTP yana katse shabaka na ɗan lokaci, don haka ba aikin goman ƙarshe na Ramadan ba ne, ba kuma na kwanakin Hajji ba. A masauki na fi son lokacin da alhazai suka watse, da hantsi, sa'ar da baƙi suke barci bayan dawowa daga Harami. A ofis kuwa ranar Asabar ta fi, tunda hutu ne. Ka sanar da mai gida tukuna, ka kwafi saitin kowane suwic ka ajiye, ka kasance a cikin ginin da kebul ɗin konsol a hannu, domin wanda ya yi wannan daga nesa yana iya toshe hanyar da shi kansa ya shigo ta ita.

Ka fara da tushe da magajinsa, sannan ka gangara hawa-hawa kana saita ƙofofin gefe da masu gadinsu. Idan ka gama, ka bar kwamfuta a hawa na sama tana aika `ping`, wato saƙon gwaji mai jiran amsa, ba tsayawa zuwa rauta, ka zare babbar fayiba da hannunka, ka ƙirga amsa nawa suka ɓace kafin hanya ta biyu ta ɗauka, sannan ka mayar ka sake ƙirgawa. Idan ka ga shirun ya kai sakan talatin, akwai tsohon STP a wani wuri a kan hanyar. Ka ɗauki ɗan gajeren kebul ka haɗa rami biyu na bango da gangan, ka ga ko mai gadi zai rufe ƙofar. Daga nan ka adana saitin, `copy running-config startup-config` a Cisco, `save` a Huawei, a kowane suwic ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta sunan tushe da na magaji da lambobin fifikonsu a takarda ka manna a cikin ƙofar akwatin, domin ɗan'uwan da zai karɓi aikin bayanka ya tarar da su.